Farantin Baba Ya Fara Dawowa Wayam

Masu turo mini saƙo kuna tambaya ko lafiya na yi shiru, lafiya lau, gajiya ce kawai ta yi mini katutu. Tun da aka gama makon addu'a na farkon shekara, rabin jikina yana cikin firiza, ɗaya rabin yana gaban murhu. Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Latai. Ina koyar da 'yan aji uku a firamaren ƙauyenmu Kolonga, a nan Tonga, shekarata ashirin da takwas, kuma ni kaɗai na rage a gida tare da Baba tun rasuwar Mama. Yayyena duk sun haye teku suna Auckland, ba abin da suke turowa kamar hotunan 'ya'ya da shawarar da ba wanda ya tambaye su.

Bana gidanmu ne ya ɗauki ciyar da fasto da jama'ar coci rana guda a cikin makon. In kun san abin da wannan yake nufi, ku taya ni jin ciwon baya. Gasassun aladu jere a kan tebura, doya da gwaza da dankali daga ramin gashi, kaji, kifi, kaguwa, ga ƙunshin lu na ganyen gwaza da madarar kwakwa da naman gwangwani tuli guda, ga kek da kankana. A ƙa'ida in an gama jawabai kowa yakan cika kwandonsa ya tafi gida da shi, a bar masu gida da wanke-wanke kawai. Sai ga shi fasto bai rufe addu'a ba sama ta ɓalle da ruwa. Rumfa ta fara tsiyaya, tsofaffi suka tattare tabarmin ado da muke ɗaurawa a ƙugu bisa al'ada suka ruga mota, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Saura duk ya dawo kicin ɗina.

Mafi girman aladun nan daga Penisimani ya zo. Peni muke ce masa. Ajinmu ɗaya a firamare, shi ne mai zama a baya yana gyangyaɗi. Ya daɗe yana zuwa Ostireliya tsinkar inabi da lemo yana dawowa, bana kuma ya samu aikin dindindin a wata mayanka, da takardar da ta ba shi damar ajiye iyali a can. Ƙarshen watan nan zai koma. Yana so a ba shi magana kafin ya tashi, a yi biki bayan Ista, in bi shi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina sonsa. Ba irin son nan mai hana barci ba, ni da ko an ba ni dama barcin nake nema. Amma in ya shigo gidanmu nakan ji kafaɗuna sun sauka.

Ranar bikin ciyar da cocin, muna filin bayan gidanmu muna ƙunsa lu, Gwaggo Kalolaine ta taso ni gaba. Yayar Baba ce, kuma a danginmu ba wanda ke sama da ita. Ko Baba in tana magana ƙasa yake kallo. Tana zaune a kujerar roba da mafici a hannu, ba ta taɓa ganye ko ɗaya ba, aikinta shi ne gaya mana yadda muka ɓata.

"Latai, kin ga aladen yaron nan? Sai da maza huɗu suka sauke shi daga mota."

"Na gani, Gwaggo."

"Gani ya ishe ki? Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Kuturu mai takardar Ostireliya? Ni ma a miƙo mini askar."

"Gwaggo, ni ai ban ci ba tukuna."

"Ubanki zai ci, fasto zai ci, kan aladen kuma rabona ne. Me kike jira? Ki bushe a gidan nan kamar kwakwar bara?"

Tun kafin zakara ya yi cara nake tsaye, hannuna duk ƙaiƙayin gwaza, hayaƙi ya cika mini ido. Da na huta da na yi shiru kamar yadda na saba. Sai na ji bakina ya ce, "Ba inda zan je in bar Baba ba ya cin abinci. Ranar da farantinsa ya fara dawowa wayam, ranar ku zo ku tambaye ni."

Gwaggo ta tsayar da maficinta. "Kun ji ta ko? Ku zama shaida."

Baki shi ke yanka wuya. Nawa ya yanka a gaban mata goma sha.

Maganar farantin nan ba wanda ya san ta kamar ni. A wurinmu ɗa ba ya cin sauran ubansa, ba ya sha a kofinsa, kamar yadda ba ya taɓa masa kai. Da Mama na da rai ita ke janyo farantin ta ƙarasa, ba wanda ya taɓa sanin ko ya ci da yawa ko kaɗan. Yanzu ni ke ɗauka in kai wa aladu. Kullum nakan tsaya a bakin keji ina kankare abin da na ɓata safiya ina dafawa, ina kallon ɗan gurbin cokali biyu ko uku a gefe. In na yi magana ya ce zafi ne. In zafi ya wuce ya ce haƙori ne. Zanen da yake ɗaurawa yanzu sai ya ninka bakinsa kafin ya zauna a ƙugu. Aladunmu kuwa sun yi ƙiba har maƙwabta na tambayata me nake ba su. Tsoro nake ji, kuma ba ni da wanda zan gaya wa ya ɗauke shi da muhimmanci. Yaya Silia daga Auckland cewa ta yi, "Ki saya masa bitamin."

To ga ni da firiza maƙil har murfin ba ya rufuwa sai na ɗora dutsen gashi a kai, ga firij, ga kula biyu da na aro. Zafin Janairu a Tonga kuwa kun san shi, in ka bar dafaffiyar doya a tebur da safe, kafin la'asar ta fara yauƙi. Duk lokacin da wuta ta ɗauke sai gabana ya faɗi. Na raba wa maƙwabta, suka karɓa da fara'a, washegari suka aiko mini da nasu sauran, don su ma makon addu'ar ya bi ta kansu. Haka farantan ke zagaya layinmu kamar an yi musu baki.

Sai na ce tunda hutun makaranta ake, bari in mai da abin yaƙi. Ko dai abincin nan ya ƙare a cikin Baba, ko ni in ƙare a kicin. Naman aladen na zare shi sili-sili na soya da albasa da kabeji. Doyar da ta kwana na yanka ta fale-fale na soya har ta yi ƙaras-ƙaras. Lu ɗin da ya fara gundurar kowa na kwance shi na juye cikin shinkafa, wani kuma na naɗe a kwaɓin fulawa na jefa a mai. Ƙasusuwa na tafasa su da ɗanyen gwanda har romon ya yi kauri. Kek ɗin da ya bushe na jiƙa shi da madarar kwakwa na turara. Kwaɗon dankalin turawa ne kawai ya fi ƙarfina, ya yi tsami tun a rana ta biyu, aladu suka yi bikinsu. Gashina, rigar barcina, har matashin kaina, komai warin hayaƙi da man alade yake.

Da farko ba abin da ya canza. Faranti ya je, faranti ya dawo.

Sai ga Peni wata safiya da tsani a bayan mota, da gajeren wando da wata riga mai ruwan lemo ta gonar da ya yi wa aiki, wuyanta duk ya saki. Wai Baba ne ya kira shi ya ɗaure mana kwanon rufi kafin guguwa ta zo, tunda lokacinta ne.

"Malama, an tashi lafiya? Yau me ake hukunta mu da shi?"

"Wanda bai ɗanɗana ba ba ya zagi."

"Ni ai ƙamshin nake zagi. Tun daga bakin coci yake jan mutum."

Baba a ƙarƙashin bishiyar mangwaron bayan gida yake cin abincin rana, kan tabarmarsa, kusa da rediyonsa. Nakan kai in durƙusa in ajiye in ba shi wuri, ba a tsaya wa uba a kai yana ci. Tsanin Peni ma a can gefen yake. Ranar na zuba wa Peni nasa a tebur na leƙa na kira shi, ya ce daga sama, "Na gode, na ci a gida kafin in fito." Na ji haushi, amma na haɗiye.

Da na je ɗauko farantin Baba, sai na tsaya. Wayam. Har romon an suɗe da doya. Na duba ƙarƙashin tabarma, na duba ko kare ya shigo. Baba yana kishingiɗe yana sakace.

"Baba, ka cinye?"

"To da me aka kawo mini shi in yi? In yi masa waƙa?"

Na koma kicin na jingina da firiza na yi kuka, ni kaɗai, da farantin a ƙirjina. Kada ku yi mini dariya. Wanda bai taɓa kankare abincin ubansa a kejin aladu ba ba zai gane ba.

Washegari ma haka. Jibi ma haka. Da yamma yakan ce shayi kawai ya ishe shi, ya ƙoshi da rana, ni kuwa ban matsa ba, wanda aka ba shi hannu ba ya neman kafaɗa a rana ɗaya. Na shiga ɗaukar hoton farantin ina tura wa Yaya Silia. Ta ce, "Ban gaya miki bitamin ba?" Ban ma saya ba, amma na ƙyale ta.

Rufin da na san aikin yini biyu ne ya ƙi ƙarewa. Kullum Peni na nan kafin rana ta take, kullum kuma "na ci a gida." Ranar Lahadi da ba mai ɗaga ko guduma a ƙasar nan, sai ga shi bayan coci da farar riga da baƙin zane da tabarmar ƙugu mai kyau, wai ya zo gaida Baba. Ya wuce gindin mangwaro wurin Baba, ya fito yana sassauta igiyar ƙugunsa. Da yamma na tura masa saƙo.

"Girkina ne ba ka so, ka faɗa mini tun yanzu."

"Haba Malama. Girkinki ai ba a magana."

"Ta ina ka sani? Ka taɓa ci?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can sai ga: "Labari nake ji."

"Ka yi ƙiba fa. Mamarka na ƙoƙari."

Ya turo fuskar nan mai dariya da gumi a goshi. Na ajiye wayar ina murmushi kamar sakarya.

Labari ya isa kunnen Gwaggo, don Yaya Silia ba ta iya riƙe ko ruwa a baki. Jiya da hantsi sai ga ta, cikin doguwar riga da zane ruwan goro masu manyan furanni, da hular coci a ranar da ba coci, turarenta ya riga ta shigowa. Kai tsaye firiza ta nufa, ta sa na sauke dutsen, ta zaɓi cinyar da nake ta ɓoyo da manyan kifaye biyu ta ce a kai mata mota. Haƙƙinta ne, duk abin da idonta ya so a gidan ƙaninta nata ne. A raina na ce da ma ta haɗa da sauran lu ɗin.

"An ce ubanki ya dawo da ci."

"Ya dawo, Gwaggo. Mun gode Allah."

"To sai me ya rage? Ko za ki ce sai ya fara cin farantin ma?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin rigata, wata tsohuwar rigar Mama da duk mai ya ɓata gabanta.

"Ki dube ni, 'yar nan. Ubanki ba jariri ba ne. In kin tafi ga ni, ga 'ya'yana, za a riƙa kawo masa abinci. Yaron nan yana da haƙuri, amma jirgi ba ya da shi. Kin yi magana a gaban mutane. Me zan ce wa iyayensa?"

Na tuna makarantar da za a buɗe, da yaran da zan bari, da ɗakin da Peni ya nuna mini a hoto, mai labule shuɗi da injin wanki. Gaskiya injin wankin nan ya shiga raina fiye da yadda ya kamata. Na gaji, 'yan'uwa. Na gaji da zama ni ce mai tashi farko, ni ce mai kwanciya ƙarshe. Kuma ga Baba yana ci.

"Ki ce musu su zo."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Kafin motarta ta fita layi wayata ta fara ƙara kamar an kunna mata wuta. Ranar Asabar aka sa, wato gobe. Peni bai kira ba, saƙo kawai ya turo: "Na ji. Na gode, Latai." Na ce a raina, shi ke nan? Mutumin da ya kawo alade mai maza huɗu?

Yau da safe na tashi da wani irin ƙarfi. A can ƙasan firiza na tarar da ledar kaguwar bikin, ta daskare kamar dutse. Baba yana son kaguwa tun yana zuwa kamun kifi, sai dai ɓare ta yanzu wahala take ba shi. Na zauna na ɓare su tas, na tsince tsokar, na daka ta da sauran doya da madarar kwakwa da ɗan albasa har ta yi laushi kamar faten jarirai. In ba an gaya maka ba, ba za ka ce akwai kaguwa a ciki ba. Na yi masa shi kaɗai, ɗan madaidaici, na kai na ajiye. Peni yana kan rufi yana ƙwanƙwasa ƙusar da na tabbata ya ƙwanƙwasa ta tun shekaranjiya.

Ina cikin goge tabarmin da za a shimfiɗa wa baƙi sai na ji Baba yana kirana, da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Latai! Latai, zo da ruwa!"

Na fita a guje da zaton shi ne. Baba yana tsaye lafiyarsa lau. Peni ne zaune a ƙasa ya jingina da mangwaro, leɓɓansa sun kumbura sun yi suntum, idonsa ɗaya ya kusa rufewa, wuyansa da hannayensa duk borin jini ya feso, yana ta susa. A gabansa ga farantin Baba, saura kaɗan, da cokali a ciki.

Duk Kolonga an san jikin Peni ba ya shiri da kaguwa. Muna aji huɗu aka taɓa ɗaukarsa ranga-ranga daga bikin makaranta saboda ita.

Na koma ciki na ɗauko ƙwayar borin jini a akwatin maganin Mama, na ba shi da ruwa, na tsaya a kansa ina kallon numfashinsa, mabuɗin mota a hannuna ko da za a ruga asibiti. Allah ya taimaka bai ci da yawa ba, maƙogwaron bai toshe ba. Da na ga kumburin ya tsaya, sai na zauna a kan tushen mangwaron.

"Tun yaushe?"

Rediyo yana ta sanarwar jirgin ruwan tsibiran Ha'apai.

"Peni, da kai nake. Tun yaushe?"

Da leɓɓan nan nasa maganar ma da ƙyar take fita. "Tun ranar da na kawo tsani."

"Duka? Soyayyen naman? Romon gwandar? Kek ɗin?"

Ya gyaɗa kai. "Kek ɗin ya yi daɗi."

"Kada ka sake ka ba ni dariya. Wallahi kada ka sake."

"Latai, dattijo ya kira ni ya ce in taimake shi. Ya ce ke ba ki da halin ci, kare kuma zai bar shaida, ni ne baƙo, ba abin da ya hau kaina. In ce masa a'a?"

"Sai ka zo ka gaya mini."

"Na so in faɗa. Jiya na rubuta na goge ya fi a ƙirga."

"Amma ka bari na ce su zo."

Ya sunkuyar da kai. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, don bai musa ba. "Na bari," ya ce. "Ina so ki zo ɗin ne. Ba zan ce ba na so ba."

Na rasa inda zan ajiye fushina. Ga mutum fuska kamar an hura balan-balan saboda ya zauna yana cinye sauran tsoho a ɓoye, ga shi kuma da wannan cokalin ya sayi amincewata. Na ce masa ya tafi gida ya kwanta, in kumburin ya ƙaru ya sa a kai shi asibiti. Ya tashi, ya durƙusa wa Baba, ya tafi ya bar tsaninsa a jingine.

Saura ni da Baba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba a rayuwata, yau ma ban ɗaga ba. Na matsa gefen tabarma na zauna ƙasa da shi, na harɗe ƙafa gefe guda yadda aka koya mana.

"Baba, me na yi maka?"

Ya kashe rediyon. "Gwaggonki ta gaya mini abin da kika faɗa a gaban mata. Kin ɗaure ƙafarki a cikina. Ni kuwa ban haife ki don ki tsufa kina gadin faranti ba."

"To ka ci mana. Abin da nake roƙo ke nan. Ko rabi."

"Ba ya wucewa."

"Me?"

Ya ɗora yatsu biyu a ƙasan maƙogwaronsa, ya gangara da su zuwa tsakiyar ƙirji. "Nan yake tsayawa. Da nama ne kawai. Yanzu har doya. Shayi ma sai na bi shi a hankali."

Ashe ba kewar Mama ba ce, ba zafi ba ne, ba kuma girkina ba. Ni ina can ina soya doya ƙaras-ƙaras ina jin kaina gwana, mutum ko ruwa da dabara yake haɗiya.

"Tashi mu tafi asibiti. Yanzu. Ga mabuɗi."

"Zauna."

"Baba..."

"Na ce ki zauna." Bai ɗaga murya ba, amma na zauna. "Uwarki da ƙafarta ta shiga asibitin nan. Kin ga yadda aka fito da ita. Na ce ni ba zan je ba, kuma da ba zan je ɗin ba. Amma tunda yaron nan ya kasa cin kaguwa kamar mutane, bari mu yi ciniki ni da ke."

"Ba na ciniki da lafiyarka."

"Ke kika fara. Gobe mutanen nan za su zo. In kin bar maganarki yadda kika ba Gwaggonki, ranar Litinin ni da kaina zan shiga mota, su zura mini duk abin da za su zura. In kin janye, kin kunyata yayata a garin nan, kin kori yaron kirki saboda ni, to ki bar ni a ƙarƙashin mangwarona. Ba mai ɗaga ni."

Na san Baba. Mutumin da ya yi shekara bai yi wa ƙaninsa magana ba saboda iyakar gona. In ya ce ba mai ɗaga shi, sai dai a sare mangwaron a tafi da su tare.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Saƙon murya ne daga Gwaggo, na danna ba da niyya ba, muryarta ta cika bayan gidan: "Latai, ki fito da naman da ya rage ya narke, gobe baƙi da yawa ne. Ina tafe da tabarmi da yamma. Kuma ki wanke gashin nan, warin hayaƙi kike kamar ramin gashi."

Baba ya yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari. Na jira ya lafa. Ina so in dafa bayansa, ina jin nauyi.

"Baba, in ma na yarda, an duba ka, an ba ka magani. Bayan Ista fa? Gwaggo za ta aiko da abinci, na ji. 'Ya'yanta za su ajiye su tafi. Wa zai tsaya ya duba abin da ka rage? Wa zai san ko ka ci ko ba ka ci ba?"

Ya kalli farantin da ke tsakaninmu, ƙudaje sun fara sauka a kai. Sannan ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai cika yi ba.

"Ba kowa," ya ce. "Shi ya sa nake so ki tafi."

Yanzu haka ina zaune a kicin nake rubuta muku wannan. Naman yana narkewa a cikin baho, ruwansa na ɗiga a siminti, ban da ƙarfin tashi in goge. Ban ce wa Baba e ba, ban ce masa a'a ba. Ga ƙarar motar Gwaggo nan ta tsaya a ƙofar gida, tana ta danna ham, tana kiran sunana in zo in sauke tabarmi.